KALLO YA KOMA SAMA: TSAKANIN SHAIDA DA ƊAN KALLO

Gabatarwa

Idan wani abin mamaki ya auku wanda ya ɗauke hankalin jama'a daga abin da suke ciki, Hausawa kan ce kallo ya koma sama, wai shaho ya ɗauki giwa. Waɗanda suka ƙagi wannan magana ba su zaci za a yi zamanin da ƙarfe mai nauyin giwaye masu yawa zai tashi sama da ɗaruruwan mutane a cikinsa ba. Tun daga watan Nuwamba na 1925, lokacin da jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Masar suka sauka a Kano, idonmu bai gushe ba yana bin jirgin sama. Har gobe yaro kan bar wasansa ya ɗaga kai idan ya ji ruguginsa.

Abin da ya sauya shi ne, a da ido kan gani ne ya wuce, abin da ya rage sai labari. Yanzu kuwa kusan kowa na yawo da kyamara a aljihu. Muna ɗaukar hoton jirgi yana tashi, muna ɗaukar na alhazai suna hawa, wannan duk babu laifi. Amma jirgin nan yakan faɗo wani lokaci, kuma kyamarar ba ta runtsawa. A wannan ɗan rubutu za mu yi ƙoƙarin duba tambaya guda: mene ne ya halatta ga ido, da hannun da ke riƙe da waya, a yayin da bala'i ya sauka a kan wasu?

Hoton farko

Jirgin sama da hoto tare suka taso. Ranar 17 ga Disamba, 1903, a gaɓar teku kusa da Kitty Hawk ta ƙasar Amurka, 'yan'uwan nan biyu, Orville da Wilbur Wright, suka tayar da jirginsu na tsawon daƙiƙa 12. Da ba a ɗauki hoton wannan tashi ba, da gardama ta fi haka yawa a kan ko an yi shi. Wanda ya ɗauki hoton kuwa, John Daniels, ma'aikacin ceto ne a bakin teku, wanda ya zo taya su aiki. A wannan rana dai, bayan tashi na huɗu, iska mai ƙarfi ta taso ta fizgi jirgin yana ajiye, sai mutumin nan ya yi wuf ya riƙe shi, ya ƙi saki, har suka yi ta wuntsilawa tare, ya ƙuje. Mu riƙe wannan mutum a rai, domin za mu komo kansa.

Hujjar masu ɗauka

Ba zai zama adalci ba mu yi wa masu ɗaukar hoton hatsari kuɗin goro. Suna da hujja, kuma hujjar tana da ƙarfi. Ta farko ita ce gani ya kori ji. A inda hukuma ke iya rage yawan matattu, ko ta yi da'awar cewa motocin kashe gobara sun iso a kan kari, hoto kan zama shaidar da ba a iya saye. Ta biyu, masu binciken hatsari su da kansu sukan amfana. Ranar 25 ga Yuli, 2000, an ɗauki hoton jirgin Concorde yana tashi daga Paris wuta na bin fiffikensa na hagu, kafin ya faɗi ya hallaka mutum 113. Irin wannan hoto kan nuna wa mai bincike inda wuta ta fara da lokacin da ta fara.

Hujja ta uku ita ce darasi. Ranar 3 ga Agusta, 2016, wani jirgi ya kama da wuta wajen sauka a Dubai. Duka mutum 300 da ke cikinsa sun tsira, amma bidiyon da wani fasinja ya ɗauka ya nuna mutane suna tsayawa buɗe ma'ajiyar kaya suna jawo jakunkunansu, alhali hayaƙi na shigowa. Ƙa'idar ƙera jiragen fasinja kuwa ita ce a iya kwashe kowa cikin daƙiƙa 90, ta rabin ƙofofin kawai. Ke nan duk wanda ya tsaya ɗaukar jaka yana cin rabon numfashin na bayansa ne. Sai kuma ga abin da ya faru a filin jirgi na Haneda da ke Tokyo ranar 2 ga Janairu, 2024, inda jirgin fasinja ya yi karo da wani ƙaramin jirgi na masu tsaron gaɓa. Mutum biyar na ƙaramin jirgin sun rasu, amma duka mutum 379 na babban jirgin sun fita da ransu kafin wuta ta cinye shi, suka bar kayansu a ciki. Wanda ya kalli waɗannan bidiyoyi biyu ya koyi abin da bayanin ma'aikatan jirgi bai koya masa ba a tafiya goma. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Hannun da ke riƙe da waya

To, amma mu dawo gida. Ranar Lahadi, 3 ga Yuni, 2012, jirgin kamfanin Dana da ya taso daga Abuja ya faɗo a unguwar Iju-Ishaga ta Legas. Duka mutum 153 da ke ciki suka rasu, tare da wasu da ajali ya riska a cikin gidajensu. Dubban mutane suka yi dafifi a wurin, har masu aikin ceto suka sha wuya kafin su kutsa. Hotunan wannan rana sun nuna iri biyu na mutane a cikin taro guda. Akwai samarin da suka ɗaga mesar 'yan kwana-kwana a bisa kawunansu suna miƙa ta gaba, akwai kuma waɗanda suka ɗaga wayoyinsu.

Hannu ɗaya ne Allah ya ba wannan ya ba wancan, bambancin yana ga abin da kowa ya zaɓi ya ɗauka. A nan ne laifi na farko yake. Lokacin da mutum ya kafa kyamara tsakaninsa da wanda ke ƙonewa, ya fitar da kansa daga cikin al'amarin ke nan, ya koma kamar wanda ya sayi tikiti ya shiga silima. Gilashin wayar ya zame masa garkuwa daga tausayi. A al'adarmu, idan aka yi kururuwar gobara a unguwa, babu mai fitowa hannu rabbana: wani da bokiti, wani da tulu, wani da ƙasa a kwano. Wanda ya zo ya harɗe hannu kunya ce za ta kore shi. Abin tsoro a yau shi ne waya ta samar wa ɗan kallo abin yi, har yana jin kamar shi ma aiki yake.

Haƙƙin wanda ba ya iya magana

Laifi na biyu ya fi na farko zurfi, domin ya shafi wanda ba shi da bakin cewa a'a. Ba banza ba muke kiran jana'iza da sunan sutura. Muna rufe gawa tun kafin a wanke ta, ba ma barin kowa ya shiga wurin wankan sai wanda ya zama dole, kuma malamai sun karantar da mu cewa mai wankan gawa amintacce ne, ba ya fita ya bayyana wani aibi da ya gani. Ma'anar duk wannan ita ce mutuncin mutum ba ya mutuwa tare da shi. Wanda ya ɗauki hoton gawar da wuta ta taɓa, ya watsa wa duniya, ya yaye likkafanin da ba a ma kai ga sa mata ba.

Ranar 15 ga Janairu, 2023, wani jirgi ya faɗi gab da sauka a Pokhara ta ƙasar Nepal, mutum 72 suka rasu. Ɗaya daga cikin fasinjojin yana nuna tafiyarsa kai tsaye a Facebook, yana murmushi, yana haska garin ta taga, har lokacin da komai ya kife. Shi bai yi laifi ba, ya ɗauka ne don 'yan'uwa da abokai su taya shi murna. Amma miliyoyin da suka yi ta maimaita daƙiƙoƙinsa na ƙarshe fa, me suke nema? Bidiyon bai gaya musu dalilin hatsarin ba. Na'urorin baƙin akwati ne suka nuna cewa ɗaya daga cikin matuƙan ya ja wani hannu a maimakon wani, farfelolin biyu suka daina tura jirgin. Abin da mai kallo ya samu kawai shi ne faɗuwar gaba ta ɗan lokaci, wadda ya saya da mutuwar wani.

Abin lura shi ne, su kansu ma'abota harkar jiragen sama sun san sutura. Baƙin akwati, wanda a haƙiƙa launinsa ruwan lemo ne, yana naɗar muryoyin matuƙa har zuwa ƙarshe. Duk da haka ƙa'idojin binciken hatsari na duniya sun ba wannan murya kariya, a Amurka ma doka ta hana hukumar bincike sakin ta ga jama'a, sai dai a rubuta abin da ya shafi hatsarin. Wato an raba abin da ke hana aukuwar wani hatsarin da abin da ke ciyar da kwaɗayin kunne. Idan injiniyoyi sun iya wannan kara, mu da muke tinƙaho da kunya me zai hana mu?

Haƙƙin masu rai

Akwai kuma iyalan mamatan. Ranar 22 ga Janairu, 1973, jirgin alhazai ya yi hatsari wajen sauka a Kano, mutum 176 suka rasu. Ranar 11 ga Yuli, 1991, wani jirgin alhazan da ya nufo Sakkwato ya kama da wuta jim kaɗan bayan tashinsa daga Jidda, sanadiyyar fashewar tayoyi, duka mutum 261 suka riga mu gidan gaskiya. A waɗancan lokuta labari kan ratsa ta hannun mutane kafin ya kai ga uwa ko mata. Akan nemi dattijo mai hankali ya je, ya yi sallama, ya zauna, ya fara da tunatarwa a kan haƙuri, sa'an nan ya faɗa. Wannan jinkiri rahama ce.

A yau uwa na iya buɗe waya ta ci karo da rigar da ta san ɗanta ya fita da ita. Mu da karatu ko aiki ya raba da gida, waɗanda rabin rayuwarmu a kan hanya take, ya kamata mu fi kowa jin wannan a jika. Kowannenmu ya tambayi kansa: ta wace hanya nake son labarina ya isa gidanmu? Wanzami ba ya son jarfa.

Bugu da ƙari, yawan kallon nan yana gurɓata mana ma'auni. Hatsarin jirgi abu ne da ba kasafai yake aukuwa ba, shi ya sa yake jan ido. Alƙaluman hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa kuwa suna nuna cewa kimanin mutum 5,000 ne ke mutuwa a titunan Nijeriya a shekara. Sai ga shi mun fi tsoron abin da muka fi kallo a kan abin da ya fi kashe mu, kuma kowane sabon bidiyo yana buƙatar ya fi na jiya muni kafin ya motsa mu. Zuciya ma tana yin kanta, kamar tafin hannun manomi.

Ma'auni

Ba muna kira a farfasa kyamarori ba ne, ba kuma cewa muke a rufe ido daga gaskiya ba. Muna ganin tambayoyi uku sun isa su raba shaida da ɗan kallo. Ta farko: akwai wani taimako da hannuna zai iya yi a yanzu wanda ya fi ɗaukar hoto? In akwai, waya ta koma aljihu. In babu, mafi ƙarancin taimako shi ne a ba masu ceto hanya. Ta biyu: wa zan kai wa abin da na ɗauka? Shaida yakan kai shaidarsa gaban mai bincike ko alƙali, ɗan kallo kuwa kasuwa yake kai tasa. Ta uku: zan iya zama kusa da mahaifiyar wanda ke cikin hoton nan in nuna mata? Abin da ba za mu iya nuna mata ba, ba mu da ikon nuna wa duniya.

Waɗannan tambayoyi ba su tsaya ga mai ɗauka kaɗai ba. Wanda aka turo wa ya buɗe, ya tura gaba, shi ma ya sa hannu, domin ba don masu saye ba da ba a kasa kaya ba.

Kammalawa

Mun ce za mu komo kan John Daniels. Da safe ya ɗauki hoton da duniya ke kallo har yau, da rana kuma, da ya ga iska za ta tafi da jirgin, bai nemi kyamara ba, jirgin ya kama. Ya san lokacin ɗauka, ya san lokacin riƙewa. Wannan sani shi ne abin da muke fatan ɗalibanmu, da mu kanmu, za mu mallaka. Kallo zai ci gaba da komawa sama, domin ɗan Adam ba ya gajiya da mamaki. Amma duk ranar da abin da ke sama ya faɗo ƙasa, to, lokacin kallo ya wuce, sai na ɗauko ruwa da mayafi. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu, ya kai matafiya gida lafiya, ya kuma suturta mu a raye da mace.