Hatsin Da Ke Cikin Rumbu, Na Wane Ne?

'Yan'uwa, ekklesiya ba ta murna da kisan aure. Amma yana faruwa a cikinmu, kuma sa'anda ya faru akwai tambaya wadda mukan guje mata: yaya za a raba abin da mutum biyu suka tara?

Wata mace ta zo wurina a nan Adabka, mijinta ya kore ta bayan shekara da yawa. Ta fita da gadonta, da kwanukanta, da akuya biyu. Rumbu cike da dawa da gero, ba ta taɓa ko zangarniya ɗaya ba. Dattawa suka ce ba a zalunce ta ba, gama bisa ga al'ada mace takan fita da kayan ɗakinta, gida da gona kuwa na miji ne.

Al'adan nan tana da nata amfani, domin ta hana miji cin kayan matarsa. Amma tana ƙidaya abin da mace ta shigo da shi kaɗai, ba ta ƙidaya guminta. Wa ya kai tuwo gona kowace damina? Wa ya yi sussuka da shiƙa? Wa ya sayar da awakinta shekarar da abinci ya ƙare? Kadan hannu biyu suka cika rumbu, ina dalilin da za a ce na hannu ɗaya ne?

Dokar Nijeriya ta shekarar 1970 a kan al'amuran aure, a sashi na 72, ta ba Babbar Kotu iko ta raba dukiya yadda ta ga daidai. Amma wannan domin auren rajista ne. Auren da aka sa wa albarka a majami'a ba tare da takardar rajista ba, doka tana dubansa kamar auren al'ada. Saboda haka da yawa daga cikin matanmu ba su da mai tsaya musu sai dattawan ekklesiya.

Wani zai ce, kadan aka ba mace rabo, ai an buɗe ƙofar rabuwa. Ni ban gani haka ba. Auren da tsoron yunwa ne kaɗai yake riƙe da shi ya riga ya lalace. Miji kuwa da ya san ba zai kori matarsa hannu wofi ba, zai yi tunani sau biyu.

Ku tuna da Ibrahim da Lutu cikin Farawa sura 13. Da rabuwa ta zama tilas, Ibrahim ne babba, yana da iko ya zaɓa, duk da haka ya bar wa ƙaramin zaɓi.

Dattawa, ku nemi sulhu tukuna da dukan ƙarfinku. Kadan ya ƙi, kada ku tashi daga zaman sai an auna hatsin, an ba matar rabonta, an kuma san abin da yara za su ci. Ubangiji ya ba mu hikima.