Ɗan Kano da Bai San Kano Ba

Ran nan bayan sallar isha jikana ya zo ya durƙusa a gefen tabarmata da littafin rubutunsa. Ya ce, "Alhaji, an ba mu aikin gida, wai mu rubuta jihohin da suka yi iyaka da Kano." Na ce, to faɗi waɗanda ka sani. Ya yi shiru, ya sosa ƙeya, can ya ce, "Kaduna... da Abuja." Yaron nan yana aji shida, kuma in ƙwallon Ingila ake magana sai ya jero maka 'yan wasa goma sha ɗaya bai ja numfashi ba. Na buɗe baki zan yi masa faɗa ke nan, sai ya riga ni: "Alhaji, wane ne kansilan mazaɓarmu? Shi ma an tambaya." Ni ma sai ga hannuna a ƙeya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Na tambaye shi ko akwai taswirar jiha a ajinsu. Ya ce babu, sai dai wata ta duniya a ofishin hedimasta, ita ma gara ta cinye mata kusurwa. Daren nan barci bai ɗauke ni da wuri ba.

Mu da muka yi firamare a farkon shekarun 1970, makarantarmu ba ta fi tasu gini ba, ba ta fi tasu kuɗi ba. Amma malaminmu na labarin ƙasa, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa jiran a aiko masa da kayan aiki ba. Fitar da mu yake yi gindin darbejiya, ya sa mu kwaɓa laka, mu tayar da tudu a kudu, mu ja kwari zuwa arewa. Sannan ya ɗauki buta ya tsiyaya ruwa a kan tudun, muna tsugune muna kallo yana gangarowa. Ya ce, "Ga Kogin Kano. Nan wajen ake gina madatsar Tiga. Nan zai haɗu da Challawa, su zama Kogin Haɗeja, su nufi Tafkin Chadi." Yau shekara hamsin da ɗoriya, ban manta inda ruwan butar nan ya bi ba. Gani ya kori ji.

A bakinsa muka ji cewa an ƙirƙiri jiharmu ranar 27 ga Mayu, 1967, cikin jihohi goma sha biyu na zamanin Janar Gowon, kuma Audu Baƙo ne gwamnanta na farko. A lokacin Haɗeja da Gumel da Kazaure duk namu ne, kafin a yanki Jigawa a 1991. Da mun tashi makaranta, gida ya karɓa daga inda aji ya tsaya. Kaka ta ba mu labarin Barbushe da Dutsen Dala, uba ya bi da mu ta Ƙofar Mata ya nuna mana karofi, ya ce ganuwar nan Sarki Gijimasu ya aza harsashinta, Kasuwar Kurmi kuwa tun zamanin Muhammadu Rumfa take ci. Akwai gidajen da ake ajiye littafin Kano Ta Dabo Cigari na Alhaji Abubakar Dokaji a cikin adaka, tare da takardun gona. A yau irin waɗannan littattafai, in an same su a gado, mai ƙosai ake kai wa.

Na san abin da za a ce: laifin hukuma ne. Da gaskiya a ciki. Wajajen 2009 aka cire tarihi a matsayin darasi mai zaman kansa daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare a Najeriya, aka cusa ɗan abin da ya rage cikin wasu darussa. Aka shafe shekaru fiye da goma ana koke kafin a ɗauki hanyar dawo da shi gadan-gadan. Waɗanda suka yi karatu a wancan giɓi, wasunsu su ne malamai yau. Wanda bai sha ba, da me zai shayar? Ga kuma littattafan da ke kasuwa, an rubuta su ne don ƙasa baki ɗaya, sai jiharmu ta tashi da sakin layi biyu da hoton dalar gyaɗa.

To amma 'yan'uwa, mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar da aka cire darasin, mu nawa muka je makaranta muka tambayi dalili? Muna zuwa taron iyaye da malamai ne don mu yi cinikin kuɗin makaranta, ba don mu tambayi me ake koyarwa ba. Ganuwar da ta fi kowane littafi bayani, ba baƙi suka zo suka ɗebi ƙasarta suka yi bulo ba, mu ne. Gidan Makama yana nan a tsakiyar gari, Gidan Ɗan Hausa yana nan a Nasarawa, inda aka soma makarantar boko a 1909. Baturen da ya keto teku ya shiga ya gani, mu da ke wucewa ta ƙofar kullum ba mu taɓa leƙawa da 'ya'yanmu ba. Ni mai wannan magana na kai jikokina wajen lilo ya fi a ƙirga, ban hau Dala da ko ɗayansu ba.

Illar ba a jarrabawa kaɗai take tsayawa ba. Da can yaro ya san mai unguwa, ya san dagaci, ya san hakimi, ya san ƙofar da ake bi da kowace irin matsala. Yau jiha tana da ƙananan hukumomi 44, da 'yan majalisar dokoki 40, da sanatoci 3, amma matashi ya kai shekarar zaɓe bai bambance aikin ciyaman da na ɗan majalisa ba. Wanda bai san wa ke da alhakin gyaran kwatar unguwarsu ba, ba zai san wanda zai tuhuma ba, kuma ƙuri'arsa araha za ta yi. Wanda bai san darajar wuri ba kuwa, ba ya jin kunyar zuba masa shara.

Gyaran ba ya bukatar jiran kasafin kuɗi. Kwali ɗaya da alƙalami sun isa a zana taswirar jiha a manna a bangon ɗaki. Dattijon unguwa da ya ga jirgin ƙasa yana lodin gyaɗa, a gayyato shi aji ya yi wa yara bayani tun ƙasa ba ta rufe masa ido ba. Ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai da ke tara kuɗin liyafa duk shekara, su ware wani abu su buga ƙaramin littafi da Hausa mai sauƙi a kan tarihin ƙaramar hukumarsu da kogunanta da kasuwanninta. Malamai su fitar da yara daga aji ko sau ɗaya a zango. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Daren nan dai na ɗauki biro na rubuta wa jikana: Katsina, Jigawa, Bauchi, Kaduna. Sunan kansila kuwa sai da gari ya waye na tambayo a masallaci, cikin jin nauyi. Ranar Asabar na yi masa alkawarin hawa Dala, ko da gwiwoyina za su yi ƙorafi. Kai ma mai karatu, yau da daddare ka kira ɗanka ka yi masa tambayar nan, amma ka fara tabbatar da cewa kai ka san amsar. Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya sa mu gyara.