Ranar biyan bashi

Tambaya ce tsohuwa: ta yaya marubuci ko mai shirya silima zai nuna rashin amfanin yaƙi ba tare da ya ƙawata shi ba? Ƙarar bindiga da gudun sojoji suna da daɗin kallo, har yaron da aka kai silima don ya tsorata yakan fito yana kwaikwayon maharbi. Shi ya sa ayyukan da suka fi gaskiya sukan rage filin daga, su tsaya kan ranar lissafi, ranar da soja ke tambayar abin da ya samu.

Erich Maria Remarque, a littafinsa na 1929 wanda masu karatun faransanci suka sani da À l'Ouest, rien de nouveau, ya kashe jaruminsa Paul Bäumer cikin Oktoba 1918, saura makonni kaɗan a tsagaita wuta, a ranar da rahoton rundunar Jamus bai ga abin ambato ba. An sayar da littafin da yawan gaske, ƴan Nazi suka ƙona shi a 1933, yaƙi kuma ya sake ɓarkewa a 1939. Mai cewa adabi na hana yaƙi sai ya yi bayanin waɗannan shekaru goma.

Ga sojan mulkin mallaka lissafin ya fi ɗaci, domin rigimar ma ba tasa ba ce. Cikin Camp de Thiaroye (1988), Sembène Ousmane da Thierno Faty Sow ba su nuna fagen fama na Turai ba sam. Sojojin Afirka ne da suka dawo, aka tsare su a sansani kusa da Dakar, suna neman haƙƙinsu na kuɗi. Ranar 1 ga Disamba 1944 rundunar da suka yi wa hidima ta buɗe musu wuta. Hukuma ta ce mutum 35 suka mutu, masana tarihi da dama na ganin adadin ya wuce haka nesa, kuma sai a 2024 shugaban Faransa ya kira abin kisan kiyashi. Wanda ya hango tankokin yaƙi cikin dare shi ne Pays, sojan da zaman sansanin Jamusawa ya raba da magana. Ƴan uwansa suka ɗauka hauka ce.

Oumarou Ganda, wanda shi kansa ya yi soja a Indoshin, ya bi hanya mafi sanyi, wataƙila kuma mafi zafi. Cabascabo, wanda aka nuna a Cannes a 1969, labarin wani ne cikin mazan jiya da ya dawo gida lafiya, aljihu cike. Babu wanda ya harbe shi. Abokai suka taya shi cin kuɗin, suna sauraren labarin jaruntakarsa muddin akwai abin sha; da kuɗin suka ƙare, labarin ma ya rasa masu ji. A ƙarshe ya saɓa gatari, ya nufi karkara.