Ɗana, Ka Fara Tsayar da Hannunka

Ɗana, kai da ke riƙe da shagon buga takardu a bakin titin da ya taso daga Garwa ya ratsa Figil zuwa Marwa, ko kake rubuta wa ubangidanka lissafin buhunan siminti a kwamfuta, zauna ka saurare ni. Ranar da ka kunna na'ura ka tarar aikinka ya yi ɓatan dabo, abin da ka aikata a sa'ar farko shi zai raba gardama. Sau da yawa aikin yana nan da sauran numfashi, mai shi ne ke ƙarasa shi cikin ruɗewa.

Idan ka goge fayil, kwamfuta ba ta share shi nan take ba. Kamar sarkin kasuwa ne ya soke sunan mai rumfa a littafinsa: kayan suna nan a jibge har sai an ba wani rumfar. Duk sabon abin da ka ajiye, duk manhajar da ka sauke, tana iya faɗawa daidai kan wancan gurbin, kuma abin da aka rubuta wani a kansa ya tafi ke nan. Saboda haka ka duba kwandon shara tukuna. In a Google Drive ne, abin da aka goge yakan kwana 30 a kwandonsa. In babu, ka daina aiki da na'urar.

Akwai manhajojin kyauta masu tono abin da aka goge, irin su Recuva, da PhotoRec ta Bafaranshen nan Christophe Grenier. Amma kada ka sauke su a kan faifan da ya yi asarar, kada kuma ka mayar da abin da ka tono cikinsa. Nemi wani faifan daban. Sababbin kwamfutoci masu faifan SSD kan share gurbin da kansu cikin ɗan lokaci, don haka a wurinsu fatan kaɗan ne. Idan kuwa tsohon faifai ne yana ƙas-ƙas-ƙas, kashe shi, kai wa gwani. Kowane kunnawa ƙara masa rauni yake yi.

Abin da ya fi yawa a shagunanmu shi ne cutar filashi. Ɗalibi ya kawo nasa, wanda ya zaga shago biyar, ka soka, sai ka ga manyan jakunkunan fayil sun koma 'yan gumaka masu ƙaramar kibiya a gindi. Kada ka danna su, dannawar ce ke yaɗa cutar. Duba nauyin filashin: in har yana nuna a cike yake, takardun suna nan, ɓoye su aka yi. A wanke cutar, a umarci na'ura ta nuna ɓoyayyun fayiloli, za su fito. In ta tambaye ka ko ta yi fomat, ka ce a'a, ko da mai filashin yana tsaye a kanka yana sauri.

Ga kuma wuta. Arewacin Kamaru ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo da ke kan kogin Binuwai, kuma idan ruwa ya ja baya da bazara, ka san yadda ake ɗauke wutar ba sallama. Yankewar wuta ana tsakiyar ajiya tana lalata fayil, wani lokaci har da faifan. Ɗan akwatin batirin da ke riƙe kwamfuta na 'yan mintoci ya cancanci kuɗinsa.

Idan kuma kutse kake zargi, wato ka ga saƙon da ba kai ka tura ba, ko kalmar sirrinka ta ƙi buɗewa, to nan hanzari ake so, amma bisa tsari. Cire na'urar daga intanet. Ɗauki wata wayar da ka amince da ita ka sauya kalmar sirri, ka fara da ta imel, domin ta nan ake sake buɗe sauran asusai. Ka fitar da duk na'urar da ba ka sani ba daga asusunka. Lambobi 6 da WhatsApp ke aikowa, da lambar sirrin Orange Money ko MoMo, ba a karanta wa kowa, ko da ya kira da sunan ma'aikacin kamfani, ko saƙon ya zo daga lambar amininka. Wataƙila asusunsa aka fara sacewa.

Kunya kada ta rufe maka baki, ɗana. Yayin da kake shiru, ɓarawo yana roƙon kuɗi da sunanka wurin gwaggonka a Gidar. Kira mutanenka ka sanar da su. Ɗauki hoton saƙonni da lambobin da aka yi amfani da su kafin ka goge komai, ka kai wa 'yan sanda ko jandarmomi. Kamaru tana da doka mai lamba 2010/012 ta 21 ga Disamban 2010 kan laifukan intanet, kuma hukumar ANTIC tana karɓar irin wannan ƙorafi. Masu takardun da ke hannunka ma amana suka ba ka. Faɗa musu gaskiya.

Mafi muni ita ce cutar da ke kulle fayiloli ta nemi fansa, irin WannaCry da ta afka wa ƙasashe sama da 150 a watan Mayun 2017, har asibitocin Ingila. Biya ba ya tabbatar da samun mabuɗi. Shafin No More Ransom, da aka kafa a 2016 da hannun 'yan sandan Turai, yana da mabuɗan wasu nau'o'in kyauta, gwada can. Abin da ya fi tsare ka dai shi ne kwafi na biyu. Kowace Juma'a kafin ka rufe shago, kwafe aikin mako a faifan waje, sannan ka zare shi ka kai gida, domin cutar tana kulle duk abin da ta tarar a jone.