Ina Ruwan Zai Kwanta?

Duk mai shirin zuba dukiyarsa a harkar filaye a Kano ya san tambayoyin da ake yi wa dillali: nawa ne, ina takarda, wa ya sayar wa wa, shekara nawa jarin zai yi kafin ya dawo. Tambayoyi ne na masu hankali, ban raina ko ɗaya ba. Sai dai akwai cinikin da yakan amsa su duka, amma zuciya ta ƙi kwanciya. Ina nufin filin da aka samar ta hanyar cike kududdufi.

Galibin kududdufan cikin birni hannun mutane ne ya haƙa su. Daga nan kakanninmu suka ɗebi ƙasar da suka gina gidaje da ganuwa, ramin da ya rage kuma ya zama masaukin ruwan sama, musamman a watan Agusta da damina ke kai ƙarfinta. Yau ana cike su da shara da ɓaraguzai, a yanka su fuloti-fuloti.

Hujjar mai saye tana da ƙarfi. Wurin a tsakiyar gari yake, inda shago ba ya rasa ɗan haya. Tun da aka saki farashin naira a watan Yunin 2023, mai ajiyar kuɗi yana kallon dukiyarsa tana narkewa, ƙasa kuwa ba ta ruɓewa. Ƙari a kan haka, kududdufi matattarar sauro ne, yana wari, yakan ci yara. Wanda ya taɓa tsayawa a bakinsa ana laluben gawar yaro ba zai yi saurin zagin mai cikewa ba.

Masu taka-tsantsan sukan kawo maganar doka. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha amana a hannun gwamna. Takardar shaidar mallaka izinin zama ce, yawanci na shekara 99, kuma ana iya soke ta don maslahar jama'a. Mun ga rusau ɗin 2023 a Filin Idi da tsohon otal ɗin Daula. Sukan ƙara da tsadar harsashi a kan ƙasar ciko. Duk gaskiya ne, amma lissafin tsoro ne. A ce an ba ni tabbacin cewa katafila ba za ta taɓa zuwa ba, shi ke nan ciniki ya tsarkaka?

A ganina bai tsarkaka ba. Ruwan da ya saba kwanciya a wurin bai san an yi ciniki ba. Zai sauko kamar kowace shekara, ya tarar da daɓen siminti, ya juya ya nemi inda ya fi gangara. A nan ne gidan ƙasa na maƙwabci yake, mutumin da ba a kira shi ranar ciniki ba, bai karɓi la'ada ba, bai sa hannu a matsayin shaida ba. Mai sayarwa ya yarda, mai saye ya yarda, amma wani ɓangare na farashin a bangon mutum na uku za a cire shi. Malaman Malikiyya sun daɗe da sanin wannan matsala. A ƙarni na 14 wani magini ɗan Tunis, Ibnur Rami, ya rubuta littafi sukutum kan hukunce-hukuncen gini, kuma cutar da maƙwabci ta hanyar ruwa tana cikin abin da ya tattauna. In indararo ɗaya ya isa a kai ƙara gaban alƙali, ina ga kududdufi guda?

Za a ce mini: in ba ka saya ba, wani zai saya. Haka ne, kuma janyewata ba za ta tsare bangon kowa a bana ba. Sai dai kowane fuloti da ya shige yana gaya wa mai tifa cewa kududdufi na gaba ma kuɗi ne, ni kuwa ba na son muryata a cikin masu gaya masa.

Inda abin ya fi yi mini wuya shi ne filin da aka cike shekara goma da suka wuce. Ɓarnar ta riga ta auku, barin sa kango ba zai dawo da ramin ba. A nan ban haramta wa kaina saye ba, amma da sharaɗi: kuɗin gina magudanar da za ta kai ruwan unguwar har babbar kwata ya shiga lissafin jari tun daga farko, kafaɗa da kafaɗa da kuɗin bulo da rodi. In riba ta saura bayan haka, tawa ce. In ta ƙare, to da ma ta maƙwabta ce nake shirin ɗauka.

Shi ya sa ba na zuwa duba irin wannan fili da rani, lokacin da dillalai suka fi son kai mutum. Nakan jira Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi, in bi ta lungun da ke bayansa, in nemi dattijon da ya fi daɗewa a wurin ya nuna mini a jikin bangonsa inda ruwa ke tsayawa kafin ciko, da inda yake tsayawa yanzu.