Wa Ke da Ta Cewa a Jinyar Mai Taɓin Hankali?

Idan ɗayanmu ya kamu da ciwon taɓin hankali, mukan yi saurin yanke shawara a madadinsa. Dangi su yi bayani, likita ya rubuta magani, shi kuwa majiyyacin yana zaune shiru, ana zancensa ba a zance da shi. Shin wannan daidai ne?

Hakika likita ya san magani. Ya san cewa maganin ciwon damuwa yakan ɗauki makonni kafin a ga amfaninsa, kuma daina sha farat ɗaya kan dawo da ciwo. Amma akwai abin da majiyyaci kaɗai ya sani. Direban da ƙwaya ke sa shi barci da rana, da telan da hannunsa ya soma rawa, su suka san abin da maganin ke jawo wa sana'arsu. In ba a tambaye su ba, za su ce "to" a asibiti, su koma gida su ɓoye ƙwayoyin. In kuwa aka saurare su, likita na iya rage maganin, ko ya sauya wani, ko ya mai da lokacin sha zuwa dare.

Wani zai ce: ta yaya za a nemi shawarar wanda hankalinsa ya gushe? Gaskiya ne, ciwo kan tsananta har mutum ya zama haɗari ga kansa ko ga wasu, tilas a yanke masa shawara. Amma wannan iko amana ne, ba mallaka ba. Da zarar ya samu sauƙi, wajibi ne a mayar masa da ita. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da aka sa wa hannu a Najeriya cikin Janairun 2023, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta amince da haƙƙin majiyyaci na sa baki cikin tsara jinyarsa.

Mu tuna, a Bisharar Markus sura 10, Yesu bai warkar da Bartimawus makaho ba sai da ya tambaye shi abin da yake so. Ciwo ba ya shafe darajar da Allah ya ba ɗan Adam. Saboda haka, in muka raka ɗan'uwa asibiti, mu bar shi ya fara magana, mu kuma taimake shi ya yi tambaya: mene ne amfanin maganin nan, mece ce illarsa, akwai wata hanya?