Tattalin Gida Aikin Ubangiji Ne

A wannan wata za mu yi magana a kan abin da ya ke damun kowane gida, watau cefane da kuɗin da a ke biya wata wata. Ku buɗe Littafi Mai Tsarki, ku karanta Yohanna sura 6, daga aya 1 zuwa 13. A can mun ga taro mai yawa, maza wajen 5,000, ga yunwa, ba kuwa abinci. Filibus ya yi lissafin kuɗi, ya ga ko dinari 200 ba za su isa ba. Andarawus ya duba abin da ke hannu, ya sami yaro da gurasa 5 da kifi 2. Ubangiji Yesu ya karɓa, ya yi godiya, ya rarraba, kowa ya ci ya ƙoshi. Sa'an nan ya umarci almajiransa su tsince abin da ya ragu, su ka cika kwanduna 12.

Sai mu yi tambaya. Wanda ya ke da ikon ciyar da dubbai da abincin yaro ɗaya, me zai yi da ragowar gurasa? Ba ya bukatarta. Amma ya so almajiransa su sani kyautar Allah ba abin wofintarwa ba ce, ko da ta zo a yalwace. In Mai Iko Duka ya kula da gutsuren gurasa, mu da mu ke ci da gumin goshi, yaya za mu raina shi?

Mu mutanen Kura da Bunkure da Garun Malam, Allah ya yi mana alheri na musamman. A zamanin Gwamna Audu Bako aka gina madatsar ruwa ta Tiga a kan kogin Kano, aka gama ta a 1974. Daga can ruwa ya ke biyo babbar hanyarsa, ya gangaro har gonakinmu. Kakanninmu sun yi noma sau ɗaya a shekara, in damina ta ƙi sai yunwa. Mu kuwa muna noman damina, muna noman rani. Ga shinkafa, ga alkama, ga masara, ga albasa, ga tumatir da a ke lodawa a Kwanar Gafan har zuwa Ikko. Duk da haka akwai gidaje a cikinmu da ba su kai watan Yuli ba sai rumbu ya zama wayam. Ƙasar da ta ke ciyar da birane, 'ya'yanta suna kwana da yunwa. Lalle wannan abin dubawa ne.

Mun sani ba laifin maigida kaɗai ba ne, gama zamani ya yi tsanani. Ran 29 ga Mayu 2023 Shugaban Ƙasa Bola Tinubu ya sanar an janye tallafin man fetur. Litar da a ke saye ƙasa da Naira 200 ta wuce Naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta haura Naira 1,000 a wurare da yawa. Injin ban ruwa mai ya ke sha, injin niƙa haka, babur haka. A watan Yuni 2024 hukumar ƙididdiga ta ƙasa ta ce kuɗin abinci ya hau da fiye da kashi 40 cikin 100 a shekara guda, watau abincin Naira 10,000 ya koma Naira 14,000. A 2025 hatsi da shinkafa sun yi sauƙi, mai saye ya ɗan numfasa, amma manomi ya koka, gama taki bai sauko tare da su ba. Waɗannan al'amura ba a hannunmu su ke ba. Muna yi wa masu mulki addu'a, muna kuma faɗa masu gaskiya in mun sami hali. Amma akwai abin da Allah ya sa a hannunmu, shi ne za a tambaye mu a kansa. Bari mu duba abu 5.

Na fari, mu zauna mu yi lissafi. A Luka 14 Ubangiji ya kawo misalin mai son gina hasumiya, wanda ya kamata ya fara zama ya ƙidaya abin da zai kashe. Riƙon gida ya fi ginin hasumiya nauyi. Amma sau da yawa maigida bai san tiya nawa a ke ci a gidansa a wata ba, uwargida kuma ba ta san abin da mijinta ya samu a kaka ba. Kowa yana ɓoye wa ɗan'uwansa, daga nan zargi ya shiga. Ku sami ƙaramin littafi. Wata guda ku rubuta kowace Naira da ta fita, har kuɗin niƙa da na ashana da na katin waya. A ƙarshen wata miji da mata su zauna, su yi addu'a, su duba tare. Za ku ga inda tulun ya ke yoyo. Ba a toshe ramin da ba a gani ba.

Na biyu, mu ware abincin gida kafin mu kai kasuwa. Wannan ita ce babbar asarar manomi. Da kaka kowa ya fito da amfaninsa gaba ɗaya, kasuwa ta cika, farashi ya faɗi. Mu kan sayar da shinkafa da masara a arha domin kuɗin Kirsimati da na biki. Da damina ta yi tsakiya sai mu koma mu sayi irin hatsin nan tiya tiya da tsada. Ashe mun yi wa ɗan kasuwa noma ke nan. Ku tuna da Yusufu a Farawa 41. Ya ba Fir'auna shawara a ware kashi ɗaya cikin 5 a shekarun ƙoshi domin shekarun yunwa. Namu lissafin ya fi nasa sauƙi. Buhu ya kan ɗauki tiya wajen 40. Gidan da ke cin tiya guda a yini yana bukatar buhu 9 da ɗan ƙari a shekara. A auna wannan a ajiye tukuna, tare da ushiri da iri, sauran a sayar. Wanda ba ya noma, kamar malamin makaranta ko ɗan ƙwadago, ya saya da kaka. In ba shi da ƙarfin buhu, gida 4 su haɗa kuɗi su saya su raba, ya fi awon yau da gobe.

Ajiya kuma tana son ilimi. Hatsin da bai bushe sosai ba ya kan yi fumfuna, fumfunar masara da gyaɗa kuwa tana cutar hanta. Domin wake akwai buhun PICS mai ninki 3, leda biyu a ciki da buhu a waje. In an ɗaure kowane ninki da kyau iska ba ta shiga, ƙwari su mutu ba tare da an zuba magani ba. Haka kuma tumatir. Daga Fabrairu zuwa Maris ya kan yi yawa har ya ruɓe a bakin hanya, da damina kuwa sai ya gagari talaka. Mun ga yadda tsutsa ta cinye gonakin tumatir a 2016, miya ta zama sai mai hali. A lokacin araha a yanka a shanya a kan tabarma mai tsabta, ba a kan ƙasa ko kwalta ba. A yi haka da kuɓewa da barkono da ganyen zogale da rama. Waɗannan su ne kwandunanmu 12.

Na uku, mu kula da tukunya da murhu. Iyayenmu ba su zubar da tuwo ba. Na dare ya zama ɗumamen safe, na gindin tukunya ya zama ƙanzo. Yanzu yaro ya kan ƙi ɗumame, ya ce sai burodi da shayi ko taliyar leda, mu kuwa mu biye masa. Koko da ƙosai daga gero da waken gonarmu sun fi riƙe ciki, ba su kuwa fitar da kuɗi daga gida. Daddawa da kuka ba abincin ƙasƙanci ba ne. Karyayyiyar shinkafa da a ke samu a arha wurin masu inji a Kura tana yin tuwo mai kyau. Uwargida ta auna abin da za a ci, kada ta dafa domin idon maƙwabta. A jiƙa wake tun dare, a rufe tukunya, a kāre murhu daga iska, in an gama girki a kashe wutar a ajiye gawayin. Itace ya yi tsada, itatuwa kuma suna ƙarewa.

A nan muna da magana da maza. Ɗan'uwa, in ka ba matarka kuɗin cefane da kyar, sa'an nan da dare ka zauna wurin mai shayi ko mai tsire ka ci abin da ya fi na dukan iyalinka, ka yi zalunci. Wanda kuma ya ke kai kuɗin shinkafarsa gidan giya ko wurin caca, ya sani abincin 'ya'yansa ya ke zubarwa. Manzo Bulus ya gargaɗi Timotawus da kakkausar murya a kan mai bi wanda ba ya kula da mutanen gidansa. Tattali ba a kan mata kaɗai ya ke ba. Daga aljihun maigida zai soma.

Na huɗu, mu duba kuɗin wata wata. Kakanninmu ba su san kuɗin waya ba, yau kuwa ya zama kamar haraji. A Janairu 2025 hukumar sadarwa ta yarda kamfanoni su ƙara kuɗin kira da na data har kashi 50 cikin 100. Waya tana da amfani, da ita manomi ya ke jin farashin kasuwa. Amma ku yi wannan lissafi. Mai sa Naira 300 kowace rana domin kallon hotuna ya kashe Naira 9,000 a wata, Naira 108,000 a wata 12. Albashi mafi ƙanƙanta da aka sa wa hannu a Yuli 2024 Naira 70,000 ne. Ashe ya kashe fiye da albashin wata guda da rabi a kan abin da bai ƙara masa kome ba. Da yayyafi kogi kan cika, da ɗigo kuma randa kan ƙare. Mai mita ya kashe fitila da fanka in ba kowa a ɗaki, ya sa ƙwan lantarki irin na zamani mai cin wuta kaɗan. Tafiyar da ƙafa ko keke za su iya, kada a ƙona mata mai.

Amma ku ji wannan da kyau. Jona wayar lantarki ta bayan mita sata ce. Fasa hanyar ruwa da dare a ranar da ta ke rabon maƙwabci, ita ma sata ce. Rage wa ɗan ƙwadago ladansa bayan ya yini cikin taɓo yana dashen shinkafa, Allah yana jin kukansa. Kuɗin da aka rage ta hanyar zunubi ba tattali ba ne.

Na biyar, mu ji tsoron bashi. A II Sarakuna 4 akwai gwauruwa wadda mijinta mai tsoron Allah ne, amma ya mutu ya bar bashi, mai bashin ya zo zai kwashe 'ya'yanta biyu. Annabi Elisha ya fara tambayarta abin da ta ke da shi a gida. Ɗan mai ne kaɗai a tulu. Allah ya yalwata shi, annabin kuwa ya ce ta sayar, ta biya bashin tukuna, sa'an nan su rayu da sauran. Hausawa sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Gaskiya ne akwai bashin taki da na asibiti da ba makawa. Amma bashin anko da na biki da na sabuwar waya, wane ne ya tilasta mana? Wanda ya karɓi kuɗi da alkawarin zai biya da buhu a kaka ya sayar da guminsa tun bai girbe ba. Muna roƙon dattawan ekklesiya da shugabannin Zumuntar Mata su sauƙaƙa al'adun aure da na suna da na jana'iza. Kada a sa anko a kowane taro har gwauruwa ta ji kunyar zuwa sujada. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Kafin mu rufe, sai mu raba tattali da rowa, gama Shaiɗan ya kan sa wa rowa rigar tattali. Ku lura da yadda Ubangiji ya yi. Sai da kowa ya ƙoshi sa'an nan aka tsince ragowa. Saboda haka ba a rage abincin yaro mai tasowa, ko na mace mai ciki ko mai goyo. Ba a hana mara lafiya magani, ba a cire yarinya daga makaranta domin a sayi babur. Yusufu ya tara hatsi domin ya buɗe rumbuna ran yunwa. Mawadacin nan na Luka 12 kuwa ya tara domin kansa kaɗai, a daren nan aka karɓi ransa. Muna tattali domin mu biya hakkin da ke kanmu, mu kawo baiko da farin ciki, mu kuma sami tiya guda ta miƙa wa maƙwabci, ko Kirista ne ko Musulmi, sa'ad da damina ta yi tsanani. Mutanen garinmu ba dukansu za su karanta Littafi ba, amma suna karanta gidajenmu. In sun ga gidan mai bi ba bashi, ba faɗa a kan cefane, ƙofarsa kuma a buɗe ga baƙo, wannan shaida ce.

Ga aikin wannan wata. Kowane gida ya sami littafin lissafi. Miji da mata su auna abincin shekara. Ku zaɓi abu guda da za ku daina saye, rabin kuɗinsa ku rage bashi, rabi ku taimaki wani. Ɗan'uwan da ba shi da kome a rumbu yau, kada ya ɓoye saboda kunya, ya faɗa wa dattawa, gama jiki ɗaya mu ke.

Allah wanda ya ba mu ruwa da rani da damina, ya ba mu hikimar riƙon abin da ya danƙa mana, ya same mu amintattu a kan ƙaramin abu. Amin.